Wasiƙa Zuwa Ga Sani Daga Baltimo

Assalamu alaikum Malam Sani, angon bara,

Na san ka riga ka yanke mini hukunci a majalisa, ka ce Amurka ta haɗiye ni. Ajiye sandar tukuna. Ina fata kana lafiya, da Hajiya da amarya da su Baffa. Saƙonka na tambayar ko zan samu bikin Habu ya iso.

Asabar ɗin da ta wuce wani abokin aikina ya ja ni zuwa Getisbag, wani ɗan gari a jihar Fensilbaniya, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba daga nan. A can aka yi karon da ya fi kowane cin rai a yaƙin basasar ƙasar nan, daga 1 zuwa 3 ga Yulin 1863. Tsakanin waɗanda suka mutu, da masu rauni, da waɗanda aka kama ko suka ɓace, an tasam ma mutum 50,000. Ni dai na bi shi ne don shan iska, ka san ni da tarihi sai dai a hankali, kai ne ɗan gaban goshin malamin tarihi.

Akwai wani fili da ake barin baƙi su ratsa da ƙafa. Ana farawa daga gindin gunkin Janar Robert Lee, shugaban sojan Kudu a wannan karon, yana kan dokinsa, a miƙe zuwa wani tudu inda sojan Arewa suka ja daga a bayan wata 'yar katangar duwatsu. Nisan ya ɗan haura kilomita ɗaya. Sani, fili ne fetal, ba inda mutum zai raɓe. Ranar ƙarshe ta karon Lee ya ce sojan ƙasa kusan 12,500 su jeru sahu-sahu su taka wannan filin har su fasa tsakiyar rundunar Janar Meade, shugaban sojan Arewa a wurin. Babban na hannun daman Lee, Janar Longstreet, ya faɗa masa ƙiri-ƙiri cewa abin ba zai yiwu ba. Lee ya kafe. Da lokaci ya yi, Janar Pickett, ɗaya daga cikin masu jagorantar harin, ya zo neman izinin tashi, aka ce Longstreet ya kasa buɗe baki, kai kawai ya gyaɗa.

Kafin nan na Kudu sun yi ta ɓarin wuta da igwa wajen 150 tun misalin ƙarfe ɗaya na rana, amma hayaƙi ya rufe musu gani, yawancin harsasan suna tsallake sahun gaba suna faɗawa can baya. Su kuma na Arewa suka tsagaita wuta da gangan, har na Kudu suka zaci sun gama da su. Sai da mutane suka fito sarari aka buɗe musu. A tsakiyar hanya akwai titi mai shingen katako, dole kowa ya tsaya ya haura, a nan aka fi ɗibarsu. Da suka matso kuwa aka koma cika igwa da ƙananan dalma, tana watsa su kamar mai watsa wa kaji tsaba. Ni da ba wanda ke harbina, ba na ɗauke da komai sai gorar ruwa, kafin in kai shingen nan na jiƙe sharkaf. Kar ka ce tumbi ne, na ga hotonka na Sallah, ba ka da bakin magana.

'Yan kaɗan ne suka haura katangar, a bayan wani Janar Armistead da ya soke hularsa a kan takobi don mutanensa su riƙa hango shi. Nan aka harbe shi, bayan kwana biyu ya cika. Wanda ke riƙe da wannan sashe na Arewa, Janar Hancock, amininsa ne tun kafin yaƙi, shi ma ranar ya samu rauni. Cikin abin da bai kai awa guda ba, kusan rabin waɗanda suka taso ba su koma sahunsu ba. Lee ya tari ragowar a kan doki yana cewa laifinsa ne.

Kar ka ɗauka tausayi ya rufe mini ido. Kudu don a ci gaba da bauta ta ɗauki makami, kuma a wannan fitar ma sojan Lee sun kama baƙaƙen fata a Fensilbaniya sun kora su Kudu. Amma yaron da aka ce wa tashi ka taka filin nan, ba shi aka yi shawara da shi ba.

To wallahi tun ina tsakiyar filin Baffa nake tunani. Ka tuna duk lokacin da muka tsokano masa zancen Onica sai ya ce a kawo masa buta? A Oktoban 1967 ne fa, lokacin yaƙin basasarmu, Runduna ta Biyu ƙarƙashin Murtala ta yi ta ƙoƙarin tsallaka Kwara daga Asaba cikin jiragen ruwa, bayan 'yan Biyafara sun karya gadar, alhali hedikwata a Legas ta so a zaga ta sama a haye inda babu wuta. Mutane suka yi ta halaka a ruwa, garin bai faɗo ba sai Maris 1968. Mu da muka tashi a gabansa, iyakar abin da muka sani shi ne tabon ƙafarsa da ƙin shiga kwalekwale. A Getisbag ko'ina duwatsun tunawa ne da sunayen rundunoni, sun fi dubu. A 1913 ma, da aka cika shekara 50, tsofaffin ɓangarorin biyu suka dawo, na Kudu suka sake takowa da sandunansu, aka yi musabaha ta saman katangar.

Baffa ya doshi tamanin, Sani. Don Allah ka same shi bayan la'asar, lokacin da gidan ya yi shiru, ka kunna wayarka ka ajiye. Kar ka fara da yaƙi. Tambaye shi yadda aka ɗauke su aiki, da wanda ya fara aske masa kai, da sunayen abokansa. In ya kai Asaba ya yi shiru, ka ƙyale shi, ka san kisan da aka yi wa mutanen garin nan ba ƙarami ba ne, ba mu san me idonsa ya gani ba. Kuma ban da wa'azin nan naka, ka bar shi ya yi maganarsa.

Af, wai da gaske ne Ɗanliti ya sayar da Bajaj ɗin ya shiga harkar gwanjo? Wa ya ba shi jari? In kai ne, ka yi bankwana da kuɗinka. Kilishin da ka ce ka ba ɗan Hajiya Uwani ya taho mini da shi, jami'an filin jirgi sun karɓe, nan ba a shigo da nama. Yaji da kuka za ka aiko, su suna wucewa.

Ka gaida Hajiya da kyau, ka ce ina nan ina shan maganin da ta ba ni. Ka gaida amarya, ka ce har yanzu ina bin ta tuwon da ta yi alkawari.

Naka,
Bashir