Kada mu tsaya a aya ta 9

Zuwa ga Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ɗan fili a jaridarku domin in yi magana da 'yan'uwana Kiristoci masu jin Hausa da ke zaune a Legas, musamman mu 'yan ikilisiyoyin ECWA, COCIN da EYN.

Akwai maganar da ta zama ruwan dare a bakinmu: "Ai ba aiki ke ceton mutum ba, alherin Allah ne." Gaskiya ce. Manzo Bulus ya gaya wa Afisawa a sura 2, aya 8 da 9, cewa ceto kyauta ce ta wurin bangaskiya, domin kada kowa ya yi fahariya. Abin da ke damuna shi ne a nan muke rufe littafin. Aya ta 10 ta ce an halicce mu cikin Almasihu Yesu ne domin kyawawan ayyukan da Allah ya shirya mana tun da wuri. Ba da aikin muke sayen ceto ba, amma wanda aka ceta an ba shi aiki.

Tun da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi 6 a watan Yunin 2022, matasanmu da yawa sun shiga wani hali. Wasunsu tashin hankali ne ya koro su daga Gwoza, Madagali da Michika. Na san wani da aka ƙwace masa babur, yana kwana a kan bencin majami'a da takalmansa a ƙarƙashin kai, iyalinsa na can gida suna jiran aike. Ranar Lahadi mukan riƙe hannunsa mu ce "Allah zai buɗa hanya," kowa ya kama gabansa. Yakubu 2:15-17 ya riga ya kwatanta mu: ka ga ɗan'uwa ba tufa ba abinci, ka sallame shi da fatan baki. Irin wannan bangaskiya, in ji shi, matacciya ce. Wadda ta riƙe yaron nan wata uwa ce 'yar Zumuntar Mata, wato ƙungiyar matan ikilisiya, mai sayar da tuwo kusa da kasuwar Mile 12. Kullum da yamma takan zuba masa malmala biyu, haka take yi wa 'yan dako, ba ta tambayar waye Musulmi waye Kirista.

Akwai kuma masu raba shinkafar Kirsimeti sai an ɗauki hoto an sa a Facebook, da masu ba da baiko a majami'a kamar jari suna jiran riba. Su duba Matiyu 6:3, inda aka ce in za ka ba da sadaka, kada hannun hagunka ya san abin da hannun damanka ke yi.

Mu tuna yadda bishara ta iso wa iyayenmu. A nan Legas mishanoni uku na farko na ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) suka sauka a 1893, biyu daga cikinsu suka rasu a 1894. A Garkida, inda aka fara aikin mishan a 1923, wa'azi ya zo tare da makaranta da asibiti da wanke gyambon kutare.

Ina roƙon fastoci da dattawan ikilisiya su rubuta sunayen waɗanda suka rasa abin yi, su nemi mai gareji ko mai shago a cikinmu da zai ɗauki yaro ɗaya ya koya masa sana'a.

Na gode.

Mai karanta jaridarku,
Agege, Legas