Ƙorafi Kan Jitar da Kuka Sayar Mini: An Yanke Ramin Jaki a Wurin da Bai Dace Ba

Zuwa ga shugabannin kamfani,

Bayan gaisuwa, na fito da wannan magana fili ne saboda sau biyu ina rubuto muku cewa sautin jitar da kuka sayar mini ba ya daidaita in na haura wuyanta, amsarku ɗaya ce: wai in canja tsirkiyoyi. Na canja. Matsalar tana nan daram.

Takardar jitar ta ce tsawon ma'auninta, wato tsawon sashen tsirkiya da ke kaɗawa, milimita 645 ne, ko inci 25.4. Na ɗauko rula na auna daga ƙashin da ke saman wuya zuwa tsakiyar firet na 12 (firet su ne ƙarafan da aka gitta a kan wuya, na 12 kuma shi ne rabin ma'aunin), na samu milimita 322.5. Ninki biyu ya ba da 645, nan kam ba ku yi kuskure ba, kuma firet-firet ɗin suna mazauninsu.

Inda aka yi ɓarna shi ne jaki, wato katakon da ke riƙe tsirkiyoyi a kan akwatin jitar. Daga firet na 12 zuwa ƙashin da tsirkiyoyi ke hawa a kan jaki, nan ma 322.5 na samu cif, a tsirkiya ta farko (siririya) da ta shida (mai kauri) duka. Ramin da ƙashin ke zaune a ciki a miƙe yake sak, babu karkata ko kaɗan. Duk maƙerin jita ya san cewa idan yatsa ya danna tsirkiya tana ƙara ɗamewa, muryarta ta ɗan haura. Shi ya sa ake tura ƙashin jaki baya, nesa da wuya, kamar milimita 2 a siririyar tsirkiya, ya zarce haka a mai kauri, domin taurinta ya fi. Dalilin yanke ramin a karkace ke nan a jita mai tsirkiyar ƙarfe. Tsirkiya ta biyu ma, wato B, tana son a fere mata ƙashin ta ɗan koma baya fiye da maƙwabtanta. Ko ɗaya ba a yi wa tawa ba.

Ga abin da hakan ya jawo. In na saita tsirkiyoyin a sake, komai lafiya lau. Da na haura wuya sai sauti ya fara karo da juna. A firet na 12, muryar da nake samu in na danna ta haura wadda ke fita in na ɗan taɓa tsirkiyar kawai, alhali ya kamata su zo ɗaya, kuma a ta shida abin ya fi muni. Ko wanda bai taɓa riƙe jita ba zai ji. Abin ya dame ni ƙwarai, don katakon yana da kyau, amon akwatin kuma yana da daɗi.

Fere ƙashin kaɗai ba zai wadatar ba, siriri ne, ba shi da faɗin da zai cike wannan giɓi. Buƙatata ita ce ku karɓi jitar, ku toshe ramin da katako irin na jakin, ku yanke sabo a karkace, ko ku sauya jakin gaba ɗaya. Ku kuma auna sauran jitocin da aka ƙera tare da ita kafin su isa hannun wasu.

Ina jiran amsarku a rubuce.

Naku,
Wani mai sayen kayanku