Wasiƙa daga bakin tsohon dam

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Shirun nan ya yi yawa, har a gida an fara tambayata ko mun ɓata ne. Na ce ina, ai tun da aka ba ka ofis mai sanyi wayarka ta daina gane lambar tsofaffin abokai. Wata alfarma da nake nema a kan dam ɗinmu ce ta sa na zauna rubuto maka, amma bari in fara da abin da ya tsaya mini a rai.

Ruwan dam ya ja baya, ja irin wanda ban taɓa gani ba. Dutsen nan da muke hawa mu yi tsalle, yanzu a tsandauri yake tsaye, awaki na kwana a inuwarsa. A jikinsa akwai farin zane inda ruwa yake tsayawa a da, ka ɗaga hannu iya ƙarfinka ba za ka taɓa shi ba. Gangaren simintin da ake sauke kwalekwale ya ƙare a cikin taɓo, sai an ja jirgi da igiya kafin a kai ga ruwa. Kututturan itatuwan da ruwa ya cinye tun lokacin da aka tare kogin duk sun leƙo, baƙaƙe ƙirin, wasu kuma suna nan ƙasa kaɗan ba a ganin su, sai farfelar inji ta daka a ji. Masu zuwa shan iska ranar hutu sun ragu, waɗanda suka zo kuma sai su gangara can ƙasan dam, inda suke ganin ruwa ya kwanta. Nan ne damuwata take.

Makon jiya saura ƙiris mu rasa autan gidan Malam da abokansa biyu. Sun tsallaka kan duwatsun tsakiyar kogi da fatsa, ruwa bai wuce gwiwa ba lokacin da suka shiga. Da yamma ta yi aka ƙara tayar da injina a tashar wuta, sama garau, ko gajimare babu, sai ga kogi yana hauhawa. Kafin su naɗe zarensu hanyar komawa ta ɓace. Mai kwalekwalen nan, abokin gardamarka, shi Allah ya kawo. Na ga yaron bayan an fito da su, leɓɓansa sun yi fari, haƙoransa na haɗuwa, ya riƙe sandar fatsar gam ya ƙi saki har aka kai shi gida. Sun rantse ba su ji jiniya ba. Na yarda da su, don ni ma da nake kan gaɓa ban ji ba. Allon gargaɗin da ke bakin hanya kuwa tsatsa ta cinye rubutunsa tun tuni.

Abin da mutane ba su gane ba shi ne kogin da ke ƙasan tashar wuta ba da ruwan sama yake tashi ba, da bukatar lantarki yake tashi. Magariba ta yi, gari ya kunna fitilu, a buɗe wa injina ruwa, duk abin da ya ratsa su kuma a kogi zai fito. Ga shi daga can ƙarƙashin tafki ake jawo shi, inda rana ba ta kaiwa, don haka sanyinsa kan ɗaure wa gwanin ninkaya ƙafa. Dab da ƙofofin sakin ruwa kuwa ruwan juyawa yake yi ya koma baya, ya cika da kumfa, kuma ruwa mai kumfa ba ya tallafe mutum, nutsewa yake yi. Kai dai na san wannan bai shafe ka ba, tun da duk shekarun da muka yi ba ka taɓa wuce inda ruwa ke taɓa idon sawu ba, kullum kai ne mai gadin takalma, kana cewa mura ce ta hana ka.

Daga wannan ranar ban samu sukuni ba, har na je wajen tsohon injiniyan nan maƙwabcinmu, Baba, wanda ya yi ritaya. Tsoron da na je da shi na bangon dam ne, don akwai wani wuri a gindin ginin ƙasar da ciyawa ta yi shar alhali ko'ina ya bushe. Ya saka hularsa ya ce mu je. Da muka isa sai ya durƙusa, ya tari ruwan a tafin hannu ya daɗe yana kallo, sannan ya nuna mini. Garau yake. Ya ce babu dam ɗin da ba ya tsattsafo, an ma gina shi ne da magudanan da za su tattara wannan ruwa a riƙa auna shi. Ranar da za ka tsorata ita ce ranar da ruwan ya fito da laka, ko ya ƙaru ba tare da tafki ya ƙaru ba, don wannan na nufin yana kwashe cikin ginin yana fita da shi. Ya nuna mini bakunan bututun da aka binne don auna matsin ruwa a cikin ginin, wasu da murfi, wani kuma zanzaro ya yi gida a ciki. A nan ne fuskarsa ta canza. Ya ce tsufa ba ya kashe dam in ana duba shi, amma bututun da ba a karantawa da babu shi duk ɗaya ne.

A hanyar dawowa ya ba ni labarin Kariba, wanda ke kan kogin Zambezi tsakanin Zambiya da Zimbabuwe. An gama shi a 1959, tsayinsa mita 128. Ruwan da ke faɗowa daga ƙofofinsa shida ya yi ta haƙar dutsen da ke ƙasa shekara da shekaru, har ya yi rami mai zurfin kusan mita 80 dab da gindin bangon. Sai da aka fara babban gyara a 2017, aka zuƙe ruwan ramin, aka fasa dutse aka faɗaɗa shi don ruwa ya riƙa wucewa gaba maimakon ya ci tushen ginin. Shi kansa simintin yana kumbura a hankali saboda wani haɗi da ke faruwa tsakaninsa da tsakuwar da aka kwaɓa shi da ita, har ana fargabar ƙofofi su cije ranar da ake bukatar buɗe su. Kuma wannan tafkin, duk girmansa, a ƙarshen 2022 ya yi ƙasa har aka umarci tashar ɓangaren Zimbabuwe ta dakatar da aiki.

Wanda ya fi tsaya mini shi ne Oroville na jihar Kalifoniya a Amurka, sa'an Kainji, duka a 1968 aka gama su. A Fabrairun 2017 bangonsa lafiya lau, amma simintin magudanar da rarar ruwa ke bi ya ɓurma a tsakiya, aka kwashe mutum kusan 188,000 daga gidajensu. A Agustan 2021 kuma tasharsa ta tsaya cik saboda ƙarancin ruwa, karo na farko tun da aka gina ta. Dam ɗaya ke nan, cikin shekara huɗu da rabi. Shi ya sa da na ce wa Baba ai yanzu da ruwa ya ja ba abin tsoro, sai ya girgiza kai. Ya ce ginin ƙasa in ya bushe yakan tsage, in kuma ruwa ya janye da sauri fuskar da ke kallon tafki tana iya zamewa, don cikinta na jiƙe, abin da ke tokare ta kuma ya tafi. Sannan yashi da laka da kogi ke kawowa sun daɗe suna taruwa a ƙasa, tafkin da ka gani da faɗi ba ya ɗaukar abin da yake ɗauka a da, damina mai ƙarfi na zuwa zai cika da wuri. Yanzu ne lokacin dubawa, tun duwatsun fuskar da ƙofofin suna waje ana ganin su da ido.

Af, ka ji tsohon kyaftin ɗinmu ya dawo? Ya yi ƙiba har ba za ka gane shi ba sai ya yi dariya. Yana nan da halinsa, ya zo da safe, kafin azahar ya naɗa kansa shugaban kwamiti. Amma wallahi wannan karon na ji daɗin rigimarsa, don shi ya tara mu a kan maganar yaran nan. Ƙanwarka ma ta zo taron, ta yi magana har maza suka yi tsit. Ta ce ita ba ta nemi a hana yara ruwa ba, don ba za su hanu ba, mu ma ba mu hanu ba. A gyara jiniya, a kafa wata a can ƙasa inda iska ba ta kai ƙarar, a sabunta alluna da zane don wanda bai iya karatu ba, a sa igiya mai yawo a kan ruwa a ware inda za a yi wanka a tafki nesa da inda injina ke zuƙar ruwa, kuma kada wani jirgin haya ya tashi ba rigar ruwa. Ni na ƙara da cewa a riƙa sanar da lokutan da ake yawan sakin ruwa, a kuma faɗa mana yaushe aka yi wa ginin binciken ƙarshe. Mu ne a ƙasansa, muna da haƙƙin mu sani.

To ga inda ka shigo. Kai ne mai iya tsara takarda a cikinmu, ka san kalaman da ke sa a karanta ta a ofis ba a tura ta ƙasan fayil ba. Zan turo maka abin da muka rubuta da hotunan bututun da allon, ka gyara mana kafin ƙarshen wata, don muna so ta isa tun damina ba ta sauka ba. Kada ka ce aiki ya yi maka yawa, na san ka.

Yaron Malam ya warware, jiya na gan shi yana buga ƙwallo, sai dai uwarsa ta ɓoye fatsar. Mai kwalekwale ya ce in gaya maka har gobe bai yarda da girman kifin nan da ka ce ya kuɓuce maka ba, kuma yana jiran ka ku ƙarasa. Ka gai da uwargida da kyau, ka shafa mini kan yara. Baba ma yana gaishe ka, ya ce in ka zo ka taho masa da sabon batirin abin jinsa.

Naka har kullum,
Abokinka