Kafin ka sayi kwamfutar nan

Birnin Kebbi,
Jihar Kebbi.

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, ya iyali, ya kasuwa a can Legas? Mu nan sai godiya. Ana ta yankan shinkafar rani a fadama, zafi kuwa ba a magana.

Na ga saƙonka cewa za ka sa kwamfuta da manhajar lissafi a shagonka. Ba laifi ka saya, amma ka fara tunanin wa zai riƙa taɓa ta.

Ka tuna farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da takardar Naira ta yi ɓatan dabo. Dole ta sa kowa ya rungumi POS da tiransifa, har masu albasa a Aliero da 'yan kifi a Argungu. A injin casar shinkafar da nake riƙe wa lissafi, Alhaji ya sayo kwamfuta mai tsada, aka kai ta ofishinsa aka lulluɓe da ƙyalle saboda ƙura. Ɗansa kaɗai ya san lambar sirri. Da yaron zai koma makaranta ya nuna wa yaron awo sama-sama, shi kuma ya shigar da buhu 50 a matsayin 500. Aka yanke masa albashi a gaban jama'a. Tun ranar kowa ya koma littafi da biro.

Akwai wani dillalin hatsi a Jega da muke hulɗa da shi. Shi ko kwamfuta ba shi da ita, wayoyi ne kawai. Duk Juma'a bayan la'asar sai ya tara yaransa a kan tabarma, kowa ya shigar da cinikin ranar da hannunsa, wanda ya ɓata a gyara masa ba tsawa. Nan suka koyi cewa ba a sakin kaya don an ga alat ta tes, sai an buɗe manhajar banki an ga kuɗin sun shigo, domin masu alat na bogi sun ƙona mutane da yawa. Ƙaramin cikinsu ne ma ya kawo shawarar a riƙa ɗaukar hoton sikeli da rasit a tura wa mai kaya ta WhatsApp kafin mota ta tashi. Dillalin ya karɓa, gardamar awo ta ragu sosai. Da a wurinmu ne, cewa za a yi yaro bai san girma ba.

Na san abin da za ka ce: in ka koya wa yaron shago, gobe ya buɗe nasa shagon POS. To, ba haka maigidanka ya sallame ka ba? Har yau kuma a wurinsa kake sari.

Ka gaya mini yara nawa ne a shagon da irin wayar da suke riƙewa, sai mu ga manhajar da za ta dace. Ka gaida Hajiya da yara. Buhun shinkafarku na nan, sai mota ta samu.

Naka,
Amininka