Bututun Gas a Ƙarƙashin Teku Ba Binne Shi Ake Yi a Manta Ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Raina ya ɓaci da shirinku na ranar Lahadi. Baƙonku ya ce tunda bututun gas na Najeriya zuwa Maroko ta teku zai bi, babu abin da zai taɓa shi, mai gabatarwa kuma ya amsa da "haka ne" ya wuce. Wallahi ba haka ba ne, kuma bai kamata a bar wannan magana a kunnen jama'a ba.

Shin kun manta da bututun gas na Afirka ta Yamma, mai tsawon kilomita 678, wanda ya tashi daga Legas ya bi ta Kwatano da Lome da Tema zuwa Takoradi? A watan Agustan 2012 angar wani jirgin ruwa, wato ƙarfen da ake jefawa cikin ruwa don tsayar da jirgi, ta kama shi a kusa da gaɓar Lome ta tsinka shi. Gas bai dawo ba sai Yulin 2013. Kusan shekara guda tashar wutar Sunon Asogli da ke Tema tana tsaye, mutanen Gana suna fama da ɗaukewar wuta. A Oktoban 2023 ma anga ce ta lalata bututun gas na Balticconnector da ke ƙarƙashin teku tsakanin Finland da Estoniya, sai Afrilun 2024 ya koma aiki.

Abin da baƙonku bai gane ba shi ne, gyaran ne ke cin lokaci. Da zarar bututu ya fashe, ruwan gishiri ya cika shi. Sai an nemo jirgin gyara da masu nutso, a yanke wurin da ya lanƙwashe, a sauko da sabon gunduwa a haɗa. Bayan nan a tura na'urar shara ta cikin bututun ta koro ruwan, a gwada shi da matsi, sannan a busar da shi ƙarau. Idan aka yi gaggawa aka bar laima, gas da ruwa a cikin sanyi da matsi mai yawa sukan daskare kamar ƙanƙara su toshe hanya, a koma gidan jiya.

Ko ba a fasa shi ba, teku ba ya barinsa ya huta. Gunduwa-gunduwa ake kawo shi, kowace mita 12, a yi walda a kan jirgi, a duba kowace gaɓa da na'ura kafin a sauke. Ana shafe ƙarfen da maganin tsatsa, a lulluɓe shi da kankare don ya yi nauyi ya zauna a ƙasa, a ɗaura masa ƙawanyar alminiyam da tutiya wadda tsatsa za ta ci a madadinsa. Wannan ƙawanya tana cinyewa, dole a riƙa dubawa. Igiyar ruwa kuma tana kwashe yashin da ke ƙarƙashinsa, ya zama yana rataye babu madogara, yana karkarwa har walda ta gaji ta tsage. Maganinsa a zuba duwatsu ko buhunan siminti a tallafe shi. Kusa da tashar jiragen ruwa dole a haƙa rami a binne shi, a kuma hana jefa anga da jan koma a wurin.

Wannan duk a kan kilomita 678 ke nan. Na Maroko ya haura kilomita 5,000, zai ratsa gaɓar ƙasashe fiye da goma. Wa zai yi sintiri? A ina za a ajiye jirgin gyara da kayan canji? Idan ya fashe a ruwan wata ƙasa, wa zai biya? Waɗannan ya kamata a tambayi baƙon, ku sake gayyato shi tare da injiniyan da ya san aikin.

Sannan don Allah ku daina katse masu kiran waya saboda talla. Dattijon da ya kira yana tambayar yaushe gas ɗin bututun Ajaokuta zai iso Kano, ko rabin maganarsa ba a bari ya faɗa ba.

Na gode.
Naku mai sauraro, daga Kano.