Yaƙin Iraƙi: Har da sunan Nijar aka haɗa ƙaryar

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in amayar da wata magana da ta tsaya mini a wuya tun makon jiya.

Muna zaune a fadarmu ta ƙofar gida bayan la'asar, ana jiran shayi na biyu, sai hira ta gangara kan Iraƙi. Wani ɗan maƙwabcina, yaro mai hankali da ya gama jami'a, ya ce ai Saddam Hussein, tsohon shugaban Iraƙi, shi ya jawo wa kansa, tunda shi ya tura jirage suka rushe benayen Amurka, kuma ga makaman ƙare-dangi da aka kama shi da su. Na ce masa, "Yaro, wa ya faɗa maka?" Ya ce, "Baba, ai kowa ya sani." Lokacin da aka yi yaƙin nan ko yaye shi ba a yi ba. Gadon zancen ya yi, kamar yadda ake gadon gona.

Ni tsohon direba ne. Shekaru masu yawa na yi ina jan babbar mota daga Tawa zuwa Agadas har Arlit, ina kai siminti da hatsi. Ban yi boko mai zurfi ba, amma rediyo ba ta taɓa barin gefen sitiyarina ba, kuma akwai dalilin da ya sa na bi labarin nan daki-daki: an sa sunan ƙasata a ciki.

A ranar 28 ga Janairun 2003 Shugaban Amurka George W. Bush ya tsaya gaban majalisar ƙasarsa ya ce gwamnatin Birtaniya ta gano Saddam ya nemi yuraniyom mai yawa, ma'adinin da ake haɗa makamin nukiliya da shi, daga Afirka. Afirkar da yake nufi Nijar ce. Akwai wasu takardu da suka ɓulla ta ƙasar Italiya, wai yarjejeniya ce ta sayar wa Iraƙi tan 500 na yuraniyom. Da na ji adadin sai da na yi dariya ni kaɗai a mota. A lokacin abin da ake haƙowa a Arlit da Akuta gaba ɗaya bai wuce wajen tan 3,000 a shekara ba, kuma Faransawa ne ke riƙe da ragamar kamfanonin. Kayan a cikin gangunan ƙarfe ake zuba su, a jero motoci da rakiya, a gangaro kudu har tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Mun sha kauce musu a hanya. Ko da tirela za ta ɗauki tan 30, sai an cika fiye da goma sha shida. Ta wace ɓarauniyar hanya za su bi, jandarma bai gani ba, ɗan duwan bai gani ba, Bafaranshen da ke ƙirga gangunansa bai gani ba? Mu da buhun shinkafa ɗaya ke hana mu wuce shinge!

Ashe su ma Amurkawan sun san haka. Tun Fabrairun 2002 hukumar leƙen asirin Amurka ta turo tsohon jakadansu Joseph Wilson zuwa Yamai, ya gana da manya, ya koma ya ce abu ne mai wuyar yiwuwa. Sannan ranar 7 ga Maris 2003, kwana 13 kafin a fara ruwan bama-bamai, Muhammad ElBaradei, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta duniya, ya shaida wa Kwamitin Sulhu cewa takardun na jabu ne. Jabun ma irin na ragon maƙaryaci. Ɗaya daga cikin wasiƙun mai kwanan watan Oktoban 2000 tana ɗauke da sa hannun Allele Habibou a matsayin ministan harkokin waje, alhali bawan Allah ya bar kujerar tun 1989. Da sun tambayi ko mai shayin bakin ma'aikatar, da ya gyara musu.

Duk da haka ranar 20 ga Maris aka afka wa Bagadaza. Sai a watan Yuli, bayan Wilson ya tona asiri a jaridar New York Times, fadar White House ta yarda cewa bai kamata maganar ta shiga jawabin ba. Amma a lokacin aikin gama ya gama.

Batun benaye kuwa, cikin mutum 19 da suka kai harin 11 ga Satumban 2001, 15 'yan Saudiyya ne, babu ɗan Iraƙi ko ɗaya. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, ban taɓa jin Bush ya fito ƙarara ya ce Saddam ne ya kai harin ba. Yakan dai ambaci Saddam, ya ambaci Alƙa'ida, ya ambaci ranar 11 ga Satumba, duk a numfashi ɗaya, yau da gobe, har kunne ya ɗinke su wuri guda. Wani binciken jin ra'ayi na jaridar Washington Post da aka buga a Satumban 2003 ya nuna kusan Ba'amurke bakwai cikin goma na ganin da hannun Saddam a harin. A cikin watan ne Bush da bakinsa ya ce ba su da wata shaida kan hakan. Mutum nawa suka ji wannan? Tuhumar da ganga aka yi shelarta, gyaran kuwa da raɗa. Makaman ma haka: David Kay, wanda Amurka ta ɗora wa aikin nemo su, ya dawo a Janairun 2004 hannu rabbana, ya faɗa wa majalisarsu cewa kusan dukkansu sun yi kuskure. Colin Powell, sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, da ya ɗaga 'yar kwalba a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya yana jawabi kan makaman Iraƙi, daga baya ya ce jawabin tabo ne a tarihinsa.

Kada a ce laifi tudu ne, na taka nawa ina hango na wani. Mu ma nan mun sha namu zaƙin ƙaryar. A 1991 an raɗa wa jarirai da yawa suna Saddam, ni kaina na liƙa hotonsa a gilashin mota, kusa da na iyalina. Mun ɗauke shi garkuwar Musulunci. Ba mu so a tuna mana cewa shekara takwas ya yi yana gwabzawa da Iran, Musulmi na kashe Musulmi, ko gubar da ya zuba wa Kurdawan Halabja a 1988 ta hallaka wajen mutum 5,000, ko kuwa Kuwait da ya mamaye ba ƙasar arna ba ce. Azzalumi ne. Sai dai laifin da ya aikata daban, laifin da aka rataya masa aka rusa ƙasarsa daban, kuma na biyun ne aka kai wa talakan Amurka har ya yarda a tura ɗansa.

Abin da ke ci mini rai, Edita, ban taɓa jin wani ya nemi gafarar Nijar ba. An ɗauki ƙasa matalauciya an yi mata shaidar zur a gaban duniya, an gama da ita an jefar. Yau ga jikokinmu suna maimaita zancen a ƙofar gidajenmu, ba su ma san sunansu na ciki ba.

Yaron nan ya ce mini zai duba a wayarsa. Na ce ya duba, amma idan Allah Ya sa kuka buga wannan wasiƙa, zan sayi jaridar in kai masa har ɗaki, ya karanta wa 'yan fada da ƙarfi, ni kuma in biya kuɗin sukarin ranar.

Naka,
Tsohon direban hanyar Arlit,
daga Tawa, Jamhuriyar Nijar.