Ba giya da fim ne suka jefa Indiyawan Malesiya cikin daba ba

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Na saurari shirinku na daren Asabar kan 'yan daba a Malesiya, kuma raina ya ɓaci matuƙa. Alƙaluman da kuka karanto daidai ne: a 2013 gwamnatin Malesiya ta fitar da sunayen ƙungiyoyin daba 49 masu mambobi sama da 40,000, kusan 29,000 daga cikinsu Indiyawa ne, alhali Indiyawa ba su wuce kashi 7 cikin 100 na mutanen ƙasar ba. Abin da ya ƙona min rai shi ne amsar da baƙonku ya bayar da aka tambaye shi dalili. Wai giya ce da kallon fina-finan faɗa, kuma dama mutane ne masu zafin kai. Mai gabatarwa kuma ya yi 'yar dariya ya wuce tambaya ta gaba. Haba Malam! Da wani gidan rediyo na waje zai ce 'yan dabar Kano ko 'yan kalaren Gombe jinin Bahaushe ne ya haife su, da ku ne za ku fara tayar da jijiyar wuya.

Na yi karatu a ƙasar, na zauna a wani tsohon bene na masu ƙaramin ƙarfi a jihar Selangor, inda yawancin maƙwabtana Indiyawa ne 'yan ƙabilar Tamil. Ba don ina so na zauna can ba. Dillalan gida ne suka riƙa kashe min waya da zarar sun ji daga Najeriya nake, kuma da idona na sha ganin tallan haya an rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba a ba ɗan Afirka, ba a ba Ba'indiye. Ni dai baƙo ne, na gama na dawo gida. Su kuwa Indiyawan a can aka haifi kakanninsu.

Matar da ƙofarta ke kallon tawa ta kai sa'ar mahaifiyata, shara take yi a wani ofis, ta fita kafin asuba ta dawo bayan isha'i. A gandun roba aka haife ta, ita da uwarta duk tsagar itacen roba suka tashi suna yi. Turawan Ingila ne suka kwaso iyayensu daga kudancin Indiya don wannan aikin, suka zaunar da su a cikin gandun: ɗakin kwana na kamfani, makarantar yara ta kamfani, wurin bauta a filin kamfani, har shagon giyar ma a ciki yake. To da aka daina yayin roba, aka koma kwakwar manja ana ɗaukar leburori masu araha daga Indunusiya da Bangaladash, wasu gandayen kuma aka yanka su filoti aka gina unguwanni, sai mutum ya rasa aiki da gida da makarantar 'ya'yansa a rana guda. Ita kanta Putrajaya, cibiyar mulkin ƙasar, da kuka yi ta yabon kyanta a farkon shirin, a kan gandun Prang Besar aka gina ta, ma'aikatan wurin aka kwashe su zuwa benaye a Dengkil. Ko kalma ɗaya baƙonku bai ce ba a kan wannan.

Ɗanta na biyu a gabana ya lalace. Yaro ne mai ladabi, shi yake taya ni ɗaukar tukunyar gas zuwa sama idan lif ya mutu, kuma kullum a mace yake. Ya yi shekara shida a firamaren Tamil, da ya shiga sakandare sai ya tarar karatu ya koma harshen Malay, aka ajiye shi a ajin share fage na shekara guda tare da sauran waɗanda harshen bai zauna musu ba. Daga nan ya fara guje wa makaranta. Babu kowa a gida, uban ya rasu, yayansa yana aikin gadi na dare. Wanda ya kula da shi shi ne wani saurayi a gindin bene da yara suke kira anne, wato yaya da harshen Tamil, wanda ke saya musu abinci, ya ba su aron babur, ya kuma tsaya musu idan yaran wata unguwa suka tare su. Kafin na bar ƙasar har an yi wa yaron zanen lamba a hannu. Ƙungiyoyin nasu da lamba ake kiransu, 04, 08, 36 da sauransu, kuma da dama asalinsu na 'yan Sin ne. Manyan sun koma kasuwanci suna shan iska, yaran Indiyawa ne ke karɓo musu bashin ruwa na Ah Long, wato masu ba da bashi ba bisa doka ba, su yi gadin gidajen rawa, su yi rigimar janwe a wurin haɗari, su sayar da ƙwaya. Idan an kama, su ake kamawa. Idan an harbe, su ake harbewa.

Na taɓa yi masa faɗa kamar ƙanena. Ya saurare ni tsaf, sannan ya tambaye ni wa ya biya kuɗin jana'izar babansa, wa ya yi belin yayansa da 'yan sanda suka tsare shi bisa zargi kawai. Na rasa ta cewa. Ban ce abin da yake yi daidai ne ba, domin waɗanda suke sara da adda su ma talakawan unguwarsu ne, kuma uwarsa ta fi kowa shan wahalar abin. Amma ruwa ba ya tsami banza.

Akwai kuma maganar takardu. A benen nan na san masu furfura da ba su da cikakken katin ɗan ƙasa, saboda iyayensu a gandu ba su yi musu takardar haihuwa ba, matsalar ta bi 'ya'ya har jikoki. Wanda ba shi da kati ina zai samu aikin kirki? Sannan tsarin da aka kawo a 1971, bayan rikicin 13 ga Mayu 1969, ya ba Malayawa da sauran 'yan asalin ƙasa fifiko a guraben jami'a da aikin gwamnati da lasisin kasuwanci. 'Yan Sin suna da jarinsu, likitoci da lauyoyin Indiyawa suna da hanyarsu, ɗan leburan gandu ne ya faɗo ta tsakiya. Ba a banza dubban Indiyawa suka cika titunan Kuala Lumpur ranar 25 ga Nuwamba 2007 a zanga-zangar Hindraf, ƙungiyar kare haƙƙin mabiya addinin Hindu, ba, har aka watsa su da barkonon tsohuwa. Ita kanta gwamnati ta amsa akwai matsala, tunda Firaministan lokacin, Najib Razak, ya ƙaddamar da shiri na musamman kan Indiyawa a 2017. Duk wannan ba ɓoyayye ba ne, wanda ya yi bincike na rabin yini zai gani.

Ina roƙo ku sake shirin, ku gayyato wanda ya san ƙasar. Ɗalibanmu da suka yi karatu a can sun cika jami'o'in Arewa, ba sai an nemo wanda ya je yawon buɗe ido na mako guda ba.

Sai kuma batun kiɗan da kuke sakawa a ƙarƙashin murya. Ya yi ƙara da yawa, mahaifina da kunnensa ya yi nauyi ya daina jin rabin abin da ake faɗa, kuma saƙon tes da na aiko kan haka ba a karanta ba. Don Allah a gaya wa mai kula da na'ura ya rage.

Naku mai sauraro,
daga Tudun Wada, Zariya.